Harbin kifi da baka da kibiya: kayan da ake zaɓa da yadda ake saiti

Da yawa daga cikinku kun ci karo da bidiyon nan da ke yawo a WhatsApp da Facebook, inda ake ganin mutane tsaye bisa jirgin ruwa da dare, fitilu na haska ruwa, suna harbin manyan kifaye da baka suna jawo su da igiya. Galibin hotunan daga Amurka suke. Wasu matasa har sun fara roƙon ƴan uwansu da ke can su aiko musu da kayan. Kafin wani ya kashe kuɗinsa, ko ya rasa idonsa, ga bayanin abin: mene ne shi, wane kaya ake zaɓa, kuma ina ya dace da ruwanmu, ina bai dace ba.

Sana'ar ba sabuwa ba ce. Mutanen dajin Amazon a Kudancin Amurka da na tsibiran Andaman a tekun Indiya sun daɗe suna harbin kifi da dogayen kibau daga cikin kwale-kwale. Abin da Amurkawa suka yi shi ne sun haɗa baka da igiya da abin naɗe ta, suka mayar da shi wasa da kasuwanci. Kuma akwai dalilin da ya sa hukumominsu ke barin a yi. A shekarun 1970 an shigo da wasu kifaye daga Asiya domin su tsabtace tabkunan kiwo a kudancin ƙasar, sai suka kuɓuce suka shiga kogin Misisipi da rassansa, suka hayayyafa har suna cinye abincin kifin ƙasar. Ɗaya daga cikinsu, idan ya ji ƙarar inji, tsalle yake ya fito daga ruwa har kusan mita 3, yakan ma ji wa mutanen cikin jirgi ciwo. A kogin Ilinoi an fi ganin wannan. To irin wannan kifin, wanda ake neman kai da shi, shi ne galibi kuke gani ana tarawa cikin duro a bidiyo. Ku riƙe wannan, domin mu a nan ba mu da kifin da ya yi mana yawa.

A wajenmu abin da ya fi kusa da shi shi ne zago na Sarkawa da Sorko na bakin kogin Kwara: mashi mai kunne da igiya da abin da ke yawo bisa ruwa, wanda kansa ke zarewa daga ƙota idan ya shiga jikin dabba. Duk wanda ya fahimci zago ya fahimci rabin wannan magana.

Baka

Kuskuren farko da mai saye ke yi shi ne neman baka mai ƙarfi. Ba barewa za a harba daga nesa ba. Kifin da ake harbi yana tsakanin mita 2 zuwa 6 daga inda kake tsaye, kuma da wuya ya wuce zurfin mita ɗaya da kaɗan. Masu wannan aiki suna amfani da baka wanda ƙarfin jansa ke tsakanin kilo 14 zuwa 23, abin da a takardar kayan za ku ga an rubuta fam 30 zuwa 50. Ya fi haka, kafaɗa za ta gaji tun kafin a yi harbi talatin, kibiya kuma ta ratsa kifin ta nutse cikin laka ko saiwar ciyawa, ka tsaya kana kokawar zaro ta.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai baka mai lanƙwasassun kawuna, wanda bai da wani inji a jikinsa. Shi ne ɗan uwan bakan maharbanmu. Akwai kuma mai ƙananan tayoyi a kawunansa biyu, tsirkiya na bi ta kansu kamar igiyar guga a rijiya mai ƙarfe. Wani Ba'amurke mai suna Holless Wilbur Allen ne ya ƙirƙiro shi a jihar Misuri, ya samu takardar mallakarsa a 1969. Amfaninsa shi ne idan ka ja shi har ƙarshe nauyin yana raguwa, ka iya riƙewa kana jira. Amma a harbin kifi jira kaɗan ne: kifi ya bayyana, ka ja, ka saki, wani lokaci ma ba ka kai ƙarshen ja ba. A ganinmu, ga mutumin da ke Madarunfa ko Gaya, na farkon ya fi. In tsirkiyarsa ta tsinke kana iya sa wata da hannunka. Mai tayoyi kuwa sai da na'urar matse shi, kuma yashi da laka ba sa barin tayoyin nan lafiya. Wanda za a aiko wa daga waje ya ce a haɗo masa da tsirkiya biyu ko uku na ajiya.

Bakan gargajiya fa? Yana yi, in dai yana da ƙarfin tura kibiya mai nauyi, kuma an shafe shi da mai don kada ruwa ya shiga itacen. Tsirkiyar fata ce matsala, domin tana saki idan ta jiƙe. A canza ta da igiyar roba mai ƙarfi wadda ba ta miƙewa. Ko wane iri ne, kada a taɓa ja a saki babu kibiya a kai. Ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya yana komawa jikin bakan ya tsaga shi.

Kibiya, nan ne maganar take

Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800. Kibiyar kyauro da ke tafiya kamar walƙiya a sarari, tana taɓa ruwa sai ta mutu, ko ta goce ta taso sama. Shi ya sa kibiyar kifi take da nauyi. Da faiba ake yin ta, wato zaren gilas da aka dunƙule ya zama sanda marar rami a ciki, kaurinta milimita 8, tsawonta kusan santimita 80. Nauyinta da kai da komai yana kaiwa giram 70 zuwa 100, kusan ninki uku na kibiyar farautar Turawa. Ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, domin a cikin ruwa gashin karkatar da ita yake yi. Akwai masu tsada da ake haɗawa da kabon, sun fi miƙewa, amma mai koyo bai buƙatar su. Farar faiba ta isa, kuma gara uku masu araha da ɗaya mai tsada, don kibiya tana ɓata.

Kan kibiyar yana da kunnuwa biyu ko uku da ke hana kifi zamewa. Na kamfani an yi su yadda in ka kwance tsinin kaɗan, kunnuwan za su juya baya, ka zare kibiyar ba ka yaga naman ba. Ana zaɓen kai gwargwadon kifi. Mai taushin jiki kamar tarwaɗa yana son kunnuwa masu faɗi, in ba haka ba ramin ya buɗe kifin ya tafi da rauni ya mutu a banza. Mai taurin ɓawo kamar balli, wanda wasu ke kira bargi, yana son gajeren tsini mai ƙarfi da kunnuwa da ke kwanciya jikin kibiyar lokacin shiga. Wurin da ke da duwatsu a ƙasa yana dakushe tsini, a riƙa tafiya da zarto ƙarami. Maƙerinmu na kasuwa zai iya ƙera irin wannan kai in an nuna masa samfur. Abin lura kawai ya zauna daidai tsakiyar sandar, don kan da ya karkace ko kaɗan ba ya tafiya inda aka aike shi.

Magana ɗaya ga ƴan uwa maharba: kibiyar da ta taɓa dafi ba ta shiga wannan aiki, ko an wanke ta. Dafin kwankwani zuciya yake tsayarwa, kifin nan kuwa tukunyar iyali za shi, ruwan kuma dabbobi da mutane ke sha.

Igiya da abin naɗe ta

Igiyar da ake amfani da ita saƙaƙƙiya ce, marar miƙewa, mai ɗaukar kilo 70 zuwa 90, tsawon mita 20 zuwa 25. Zaren fatsa na roba mai santsi bai dace ba: yana murɗewa, yana yanka yatsa. A zaɓi mai launi mai haske, ruwan ɗorawa ko fari, don ido ya riƙa ganin inda take.

Abin naɗewa mafi sauƙi ganga ce da ake ɗaurawa gaban baka, kana naɗa igiyar da hannu bayan kowane harbi. Tana da jinkiri, amma babu abin da zai lalace a jikinta, kuma mutum na iya yin tasa da babban gwangwanin tumatir ko guntun bututun roba mai faɗi, a goge bakin ya yi sumul. Na biyu irin na sandar fatsar Turawa ne, mai hannu da ake juyawa, kamar waɗanda kamfanonin Zebco da Muzzy ke yi. Yana da sauri, sai dai yana da maɓalli da dole a danna kafin kowane harbi. Ka manta sau ɗaya, ko igiya ta tsinke kibiya ta tafi, ko kibiyar ta dawo kanka. Na uku shi ne mai gora, wanda kamfanin AMS ya yi suna da shi: igiyar tana tarawa cikin wata gorar roba a gefen baka, tana fita ba tare da an danna komai ba. Ga wanda zai saya, wannan ne muke ba da shawara, musamman in akwai samari da za su riƙa ara.

Yanzu abin da ya fi komai muhimmanci a wannan bayani. Kada a ɗaure igiya a gindin kibiya. In ka ɗaure ta a can, lokacin da ka ja baka igiyar tana biyo kibiyar baya, ta zo kusa da tsirkiya, da hannunka, da maɓallin rigarka. Ta maƙale a ɗaya daga cikinsu, kibiyar za ta fita da ƙarfinta, igiyar ta tsayar da ita, ta dawo da gindi ta nufi fuskarka. An rasa idanu ta haka, an ma rasa rai. Maganin ɗan zobe ne da ke zamewa a jikin kibiyar, igiya na ɗaure da shi. Kafin harbi zoben yana gaba, kusa da tsini, igiya duk tana gaban baka. Da an saki sai ya zame ya koma gindi inda wani ɗan ƙusa ke tare shi. Duk kibiyar da za a aiko muku, ku tabbatar tana da wannan zobe. Wanda ya ƙera tasa ya sa zoben ƙarfe ko na roba mai kauri. Kuma kafin kowane ja, ido ya sauka kan igiya tukuna: ba ta naɗe yatsa ba, ba ta ƙarƙashin ƙafa.

Wanda bai da abin naɗewa sam yana iya bin dabarar zago, ya ɗaure ƙarshen igiyar da ƙaramar jarka ko gora da aka toshe, ya jera igiyar cikin roba a gabansa. Kifi ya ja, jarka ta bi shi, a bi ta da jirgi. Ba a ɗaure igiya a ƙugu ko a wuyan hannu. Giwan ruwa babba yana iya jan mutum ya faɗa ruwa.

Saiti: kifin ba ya inda kake ganinsa

Ku sa muciya cikin bokitin ruwa ku duba daga gefe. Za ku ga kamar ta karye daidai inda ta shiga ruwan. Haske ne ke lanƙwasa idan ya fito daga ruwa ya shiga iska. Sakamakonsa, duk abin da ke cikin ruwa yana bayyana sama da inda yake na gaskiya. In kana kallonsa daga bisa kai tsaye, abin da ke zurfin mita ɗaya za ka gan shi kamar a santimita 75. In kana kallonsa daga nesa a karkace, ruɗin ya fi haka yawa. Saboda haka mai koyo kullum saman kifi yake harbi, ya rantse ya saita daidai.

Maharban Amurka suna da ƙa'idar da suke fara koyar da ita. In aka mayar da ita awonmu: kifi yana nesa da kai mita 3, zurfinsa santimita 30, to ka saita santimita 10 ƙasa da shi, wato faɗin tafin hannu. Nisan ya ninka, ka ninka. Zurfin ya ninka, ka ninka. Kifin da ke mita 3 amma zurfinsa ya kai santimita 60, taƙi guda za ka sauka ƙasa da cikinsa. Wannan mafari ne kawai, don tsayin inda kake tsaye yana canza lissafin. Mai tsaye bisa jirgi ko kan gaɓa mai tudu ruɗinsa bai kai na wanda ke cikin ruwa zuwa gwiwa ba. Abin da suke faɗa wa juna shi ne, ka saita ƙasa, in ka ga kamar ya isa, ka ƙara sauka. Kifin da bayansa ya fito waje kaɗai ake harbi inda aka gan shi.

Ba a koyon wannan a jikin kifi. A cika robar ruwa da yashi rabi, a ɗaure ta da dutse ta tsaya a zurfin kamu ɗaya, a yi ta harbi daga wurare dabam-dabam, sannan a ƙara zurfi. Kwana kaɗan hannu zai fara sauka da kansa. Galibin masu wannan aiki ba sa sa abin saiti a baka, da ido biyu a buɗe suke harbi, da yatsu uku a tsirkiya. Inda ake nema a jikin kifi shi ne bayan kai kaɗan, wurin da nama ya fi kauri. Kan tarwaɗa ƙashi ne kamar faranti, kibiya na iya gocewa a kansa. Ciki kuma yana yagewa.

Da rana, tabarau mai kashe ƙyallin ruwa ya fi wani kayan tsada amfani. Ba kowane baƙin tabarau ne ba. Gwajinsa: ka duba fuskar wayarka ta cikinsa kana juya shi a hankali, in hasken ya dushe ya dawo, shi ne. Rana ta kasance bayanka, amma ka kula inuwarka kada ta faɗa kan kifin. A cikin jirgi, ƙarar gora ko ƙafa a jikin katako tana korar kifi tun kafin ka gan shi. Da dare fitila ake amfani da ita. Tocilan goshi mai ƙarfi tana yi a ruwa marar zurfi, kuma masu aikin sun fi son haske mai ɗan ja-ja a ruwa mai duhu, don farin haske yana dawowa ido kamar fitilar mota cikin hazo.

A ruwanmu

Gaskiyar magana, rabin shekara ba za a ga komai ba. Da damina gulabe da tabkuna jajaye ne, ko hannunka ka tsoma ba ka ganinsa. A Yamai ma kogin sau biyu yake cika: jan ruwa na watan Agusta da Satumba, wanda ruwan saman yankin ke kawowa da laka, sai baƙin ruwa da ke isowa daga Gine wajen Disamba da Janairu, wanda ya fi haske. Lokacin sanyi ne ruwa ke kwantawa a tabkuna irin na Madarunfa, Tabalak da Gidimuni, shi ma da sassafe kafin iskar hunturu ta tashi ta yamutsa fuskar ruwan. Kifin da ke ba da dama shi ne mai tasowa shaƙar iska, kamar tarwaɗa da balli, da manyan karfasa a bakin ciyawa. Wanda ke neman abin sayarwa, birgi da taru da mamari sun fi masa nesa ba kusa ba. Baka na mai son kifi ɗaya ko biyu ne masu girma, wanda ya zaɓa da idonsa.

Zaɓen nan kuwa nauyi ne, domin kifin da kibiya ta ratsa ba a mayar da shi ruwa. Lokacin da kifi ya fi sauƙin harbi shi ne lokacin da yake ƙwai: balli yana gina sheƙa cikin ciyawa da ruwa ya hau, yauni ma haka, karfasa kuma uwar a baki take riƙe ƙwai da ƴaƴanta, ka kashe ta ka kashe ɗaruruwa. Ko a Amurka an fara dawowa daga rakiyar harbin kan mai uwa da wabi. A 2019 masu bincike a jami'ar jihar Dakota ta Arewa sun gano wani kifin ƙasar, wanda maharba ke kashewa babu iyaka suna ɗaukarsa na banza, yana kai shekara 112 a duniya. Kifin da ke kan sheƙa a bar shi.

Sai hukuma. Kamun kifi a Nijar da lasisi ake yi, kuma jami'an gandun daji ne ke kula da shi. A same su a tambaya kafin a shiga ruwa da baka, a kuma gaida sarkin ruwa na wurin, don kowane tabki yana da lokacin da ake rufe shi da wanda ake buɗewa. Ayu da dorina suna cikin dabbobin da dokar farauta ta 1998 ta kare, kibiya ba ta da hurumi a kansu, gandun W kuma ba wurin su ba ne. A jihar Difa, da sassan Tilaberi da Tawa inda dokar ta-ɓaci ke aiki, fita kan ruwa da dare da fitila da abin da ya yi kama da makami neman fitina ne; kada a gwada.

Ƴan uwa da ke Amurka, a Niyok ko Girinsboro ko wani wuri, ku sani kowace jiha da dokarta. Sai da lasisin kamun kifi na jihar, kuma akwai kifayen da aka hana harbi da baka ko da kana da lasisin. A Ingila an hana shi a koguna da tabkuna. In za ku taho da kayan gida, baka da kibau a jakar da ake aunawa suke shiga, ba ta hannu ba, kuma a nuna su ga kwastan a filin jirgi.

Bayan an harba, a jawo igiyar da hannu a hankali, a bar kifi ya gaji, kada a fizga. Tsohuwar safar hannu tana hana igiya yanka tafi. In ya iso, a buge shi a ka ya mutu nan take kafin a zare kibiya. A kula da ƙayar kurungu da ta tarwaɗa, sukarsu tana kumbura hannu. Minjirya kuwa, in an gane ta a ƙyale ta, wutar jikinta tana wuce volt 300. Ramin kibiya yana sa kifi saurin lalacewa da zafin nan namu, don haka a fasa cikin a wanke da wuri, abin da ba za a ci ranar ba ya tafi banda. Wanda ke shiga ruwan tabki da ƙafa ya sa dogon takalmin roba saboda tsargiya, in kuma ya ga jini a fitsarinsa ya je likita, maganinta ƙwayoyi ne da ake sha gwargwadon nauyin mutum ko tsayinsa.